Abin da Ba a Nuna wa Baƙo a Sawakin

Benayen Sawakin sun gama sauka ƙasa. Wanda ya san tsibirin nan a shekarun 1970 ya san cewa tun mota ba ta kai bakin ruwa ba ake hango fararen gidaje masu hawa biyu da hawa uku, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa ko da yake ba kowa a ciki. Yanzu abin da ido ke fara cin karo da shi hasumiyoyin masallatai biyu ne da aka sabunta, sai tarin duwatsu gabas da yamma, sai wani bango can da ya ƙi faɗuwa, da ƙofarsa amma ba ɗaki a bayanta. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tsayar da komai, tsibirin ya riga ya zama wurin yawon buɗe ido. Baƙo ya biya kuɗin shiga, wani saurayi ya shige gabansa yana nuna masa wurare da yatsa, a ɗauki hotuna, kafin la'asar an koma mota.

A Bur Sudan na tashi, a unguwar da Hausa ce harshen tsakar gida, Larabci kuma na kasuwa da makaranta. Sawakin tana kudu da mu, tafiyar kimanin kilomita 60 a gefen Bahar Maliya. Bayan salla akan cika babbar mota da mu yara da tsofaffi a tafi can a wuni. Abin da ya zauna mini a rai shi ne ƙamshin wurin: gishirin teku, kifin da ake soyawa a bakin gada, da gahawar jabana mai citta da mutanen Bija ke dafawa a ƙaramin tulun yumɓu. Rana tana dukan farin bango har sai mutum ya runtse ido. Shirwa na shawagi a sama, kyanwoyi suna kwance a inuwar kango ba sa ko motsi idan an zo wucewa. Mukan ɗaga kai mu kalli tagogin katako da suka turo kai waje daga jikin benaye, iska na kaɗa wani ƙyaure da ya saura da ƙusa ɗaya. Manya suna ta ja mana kunne kada mu hau matakala, domin ba a san ranar da za ta rufta ba.

Tsibirin ɗan ƙarami ne, kusan a zagaye yake, mai tafiya a ƙafa zai kewaye shi bai cika awa guda ba. Yana can ƙarshen wata siririyar hanyar ruwa da ta kutso cikin tudu daga teku, don haka jirgin da ya shigo ya tsira daga iska da igiya. Wannan mafaka ita ce arzikinsa, domin ƙasar kanta ba ta ba da komai. Ibn Batuta ya sauka a nan wajen 1330, ya tarar ba shuka ba ruwan sha, sai an kawo ruwa daga tudu. Duk da haka fatake ba su fasa zuwa ba. Bayan Turkawa sun ci Masar a 1517 Sawakin ta shiga hannunsu, a 1555 ta zama mazaunin gwamnan lardin Habash. Masar ta karɓe ta a 1865, da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 kuwa kasuwa ta ƙara buɗewa. Ayarin raƙuma na saukowa daga Barbar da Kasala da ƙaro da hauren giwa da fatu, jirage na kawo tufafi da kayan yaji daga Indiya da Jidda.

Abin da ake nuna wa baƙo ya cancanci gani, ba ni da ja a kan wannan. Akwai gadar da Baturen Ingila Gordon ya sa aka cike a 1877 ta haɗa tsibirin da tudu, da ƙofar da ke bakinta. Akwai masallacin Hanafi da masallacin Shafi'i, da gidan kwastan mai fuskantar ruwa, da kangon bankin Masar, da abin da ya rage na gidan Khurshid. A ɓangaren garin da ke kan tudu akwai ƙofar Kicina, wani hafsan Ingila, ta 1886, ragowar ganuwar da aka yi lokacin da Usman Digna, jarumin Mahadi, ya tsare garin shekara da shekaru bai samu shiga ba. Nan kusa ne kuma masaukin fatake na Shinnawi yake, wanda ake cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Idan mai rakiya ya ga baƙo ya fara gajiya, sai ya ɗauko labarin aljanun da aka ce Annabi Sulaimanu ya tsare a tsibirin, da kyanwoyin da ake cewa ba a dukansu da dare. Mu ma da wannan labari aka yi ta tsorata mu, kuma ya yi aiki, domin ban taɓa ganin yaron da ya jefi kyanwa a Sawakin ba.

Abin da ba a cika tsayawa a bayyana wa baƙo ba shi ne yadda gari mai irin wannan kyau ya zube ba tare da an harba masa igwa ba. Da dutsen murjani aka gina shi, wanda ake sarowa daga ƙarƙashin teku. Dutse ne mara nauyi, mai ƙananan ramuka, yana da sauƙin sassaƙa kuma yana riƙe sanyi. Magina kan jera shi, su ratsa katako a tsakani don ya ɗaure bango, sannan su shafe da farar ƙasa. Tagogin nan da ake kira roshan an yi su ne don iska ta shiga, matan gida su ga titi ba a gan su ba, a kuma ajiye tulun ruwa a ciki ya yi sanyi. Amma murjani ba ya yafe sakaci. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa idan damina biyu ta wuce ba a yi yaɓe ba, to haka yake a nan: da zarar farar ƙasa ta ɓanɓare, raɓa da gishiri sun samu ƙofa, katako ya ruɓe, bango ya buɗe, sai rufi ya bi. Gidajen suna tsaye ne muddin akwai mai kwana a ciki da zai ga tsaga ya toshe.

Masu kwanan kuwa hanya ce ta kawo su, hanya ce ta kwashe su. Da jiragen ruwa masu tururi suka girma, siririyar hanyar da ta zama mafaka ga jiragen filafilai ta zama tarko, ga murjani na ƙara tsukewa a gefenta. Turawan Ingila suka zaɓi wani wuri a arewa, suka fara ginin Bur Sudan a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Ofisoshi suka tashi, bankuna suka bi, attajirai suka kulle ƙofofinsu suka tafi da makullai, wasu Bur Sudan wasu Jidda. Zuwa shekarun 1920 ciniki ya mutu. Ba mugunta aka yi wa Sawakin ba, kuma ni da na ci na sha a Bur Sudan ba ni da bakin zagin wanda ya gina ta. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Akwai wata Sawakin da ba ta cikin jerin abubuwan da ake nunawa, ita ce ta kakannina. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano suka taso da niyyar hajji, a zamanin da wanda zai tafi Makka yakan bi gida gida yana neman gafara, ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya sa likkafaninsa a cikin kaya. Ba a ce masa sai ka dawo da ƙarfin zuciya, sai dai a ce Allah ya sada mu da alheri. Hanyar ta bi ta Barno, ta Fot Lami da ake kira Injamena yanzu, ta Abeshe, ta Jinaina da Fashir, har Ubayyid inda layin dogo ya tsaya. Inda guzuri ya ƙare nan ake yada zango a nemi na gaba. Kakana ya yi noman ƙodago, ya yi wanzanci, ya tsinci auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Kakata ta yi daka, ta yi kitso, ta sayar da abinci. Sun huta a Maiwurno a bakin Kogin Nilu, garin da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, inda baƙo daga yamma ba ya rasa tabarma. Tafiyar ta ci shekaru, an yi haihuwa a hanya, an yi binnewa a hanya.

Ga irin waɗannan matafiya, Sawakin ita ce ƙarshen ƙasa. Daga nan sai ruwa, bayan ruwa sai Jidda. Mutanen da ba su taɓa ganin abin da ya wuce tafkin Cadi ba suka tsaya gaban tekun da ba a hango ƙarshensa. Ba a cikin benayen suka sauka ba. A bayan gari suka kafa bukkokin tabarma da buhu, suna jiran takarda, suna jiran allura, suna jiran kwanakin karantina su cika, suna jiran jirgi. Maza suna dakon kaya a bakin ruwa ko su ɗebo ruwa daga rijiyoyin Shata su kai gidajen masu hali. Da dare a kunna wuta, a buɗe allo, a ji karatun yara da Hausa da Fillanci da Barbarci suna tashi daga bukka zuwa bukka. Wata rana da muka je da kakata, na ja hannunta zan nuna mata wani bene mai ado. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Maigidana, ai ni ban san cikinsa ba. Ƙofar baya na sani, nan nake sauke tulu." Daga nan ta juya ta nuna mini wani fili da ba komai a cikinsa sai ƙaya da yashi, ta ce a nan suka zauna, a nan kuma aka binne wata ƙawarta 'yar Haɗeja da zazzaɓi ya ɗauke ana saura kwanaki kaɗan jirgi ya tashi.

Tabarma ba ta barin kango. Shi ya sa mai rakiyar baƙi ba shi da abin da zai nuna da yatsa idan ya zo kan mahajjata, shi ya sa kuma yakan tsallake su. Baƙo ya tafi da sunan Gordon da na Kicina, waɗanda zamansu a garin bai taka kara ya karya ba, bai ji komai ba game da dubban talakawan Afirka ta Yamma da suka yi ta ratsa wurin ƙarni bayan ƙarni, har bayan attajirai sun watse. Shekaru da dama bayan ciniki ya koma Bur Sudan, jiran mahajjata ne ya riƙe sauran numfashin garin.

Amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ba zan yi wa waccan hanya kwalliyar da ba ta da ita ba. Tsofaffin da suka bi ta ba su taɓa yi mana fatan mu bi ta ba. Kwalara da agana sun ci mutane. 'Yan fashi sun tare ayari. Waɗanda ba su da kuɗin jirgi ko suka gaji da jiran takarda sukan ba masu jiragen sambuk abin da ya rage musu a tsallaka da su da dare, wasu aka sauke su a gaɓar da ba ruwa ba gari, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Benayen da muke sha'awa ma ba da ƙaro da hauren giwa kaɗai aka gina su ba. Sawakin tashar fitar da bayi ce, kuma har cikin ƙarni na 20 akwai yaran mahajjata da suka faɗa hannun masu sayar da mutane a hayin teku, inda ba a haramta bauta ba sai 1962. A can gida kuma akwai matan da suka tsufa suna jiran mazan da ba su mutu ba ba su dawo ba, da uwayen da suka rasu ba su san inda kabarin ɗansu yake ba.

Saboda haka jirgin sama rahama ne. Tun daga shekarun 1950 da aka fara ɗibar alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta awa huɗu zuwa biyar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana sauke farali ta dawo ta tarar da jikokinta ba su manta fuskarta ba. Manomi ya tafi ya dawo gonarsa ba ta zama saura ba. Wanda ya ce da an bar mutane a kan tsohuwar hanya don ta fi lada, bai taɓa haƙa kabari da hannunsa a cikin yashi ba.

Duk da haka an yi asara, kuma ya kamata a faɗe ta. Alhajin da ya bi ƙasa yakan dawo da abin da ba a sayowa a kasuwar Makka. Ya zauna da Shuwa da Zagawa da Bija, ya ci abincinsu, ya ji harshensu, ya yi karatu a gaban malamai a garuruwa da dama, ya ga yadda wasu ke noma da ban ruwa. Da aka ce tafiya mabuɗin ilmi, irin wannan ake nufi. Hanyar ce ta shuka Hausawa daga Cadi har bakin Bahar Maliya, a Gadarif da Kasala da Sinnar da Bur Sudan, har agashe ya zama abincin kowa a Sudan. Kuma hanyar ce ke riƙe zumunci, domin kowace shekara sabbin matafiya na kawo labarin gida, su koma da wasiƙu. Da sama ta ɗauke alhazai, wannan igiya ta saki. Alhaji daga Katsina ya riƙa wucewa ta saman kanmu cikin dare bai san akwai danginsa a ƙasa ba, mu ma yaranmu da yawa ba su san sunan ƙauyen da kakanninsu suka fito ba.

An yi ƙoƙarin ceto ginin. Sudan ta sa Sawakin a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 1994. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da gidan kwastan, a watan Disamban 2017 kuma Shugaba Erdogan ya zo da kansa tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka yi yarjejeniyar ba Turkiyya damar sake gina tsibirin. Har an yi maganar masu umara daga Turkiyya su riƙa biyowa ta nan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Maganar ta tayar da ƙura a Masar da Saudiyya, gwamnatin Bashir ta faɗi a 2019, sannan yaƙi ya zo. Na yi murna da gyaran masallatan, domin an ci gaba da salla a wurin da aka yi ƙarnoni ana yi. Baƙi ma sun kawo alheri: mai kwalekwale ya samu na cefane, mai shayi ta sayar, samari sun koyi tarihin garinsu don su ba da shi. Sai dai tsohon garin Jidda, wanda da irin wannan dutse da irin waɗannan tagogi aka gina shi, ya kai ga shiga jerin UNESCO a 2014 ne saboda ba a taɓa daina zama da ciniki a cikinsa ba. Bangon da aka gyara don kallo kawai, gishirin da ya ci na farko yana nan yana jiransa.

Wani abin da baƙo kan wuce bai lura ba shi ne Sawakin ba ta mutu duka ba, matsawa ta yi. Tun da aka buɗe tashar Usman Digna a bakin hanyar ruwan a 1991, jiragen fasinja na kwana ɗaya su kai Jidda, ɗauke da masu umara da 'yan ci-rani. Ta nan ake fitar da tumaki da raƙuman Sudan zuwa Saudiyya, musamman gab da layya. A watan Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000, abin da ya tuna wa kowa cewa haɗama da ganganci ba su ƙare da zamanin sambuk ba. Har yanzu akwai masu zama a kan kayansu a rana suna jiran takarda da jirgi. Wanda ke son ya ga abin da Sawakin take tun asali, ya fi kusa da ganinsa a wannan layi fiye da cikin kango.

Ba na roƙon a mayar da jiya, kuma na san mutanen da ke gudun harsashi yau ba ta bango suke ba. Abin da nake so shi ne idan Allah ya kawo zaman lafiya baƙi suka dawo, a ba su labarin gaba ɗaya. A nuna musu roshan, a kuma nuna musu ƙofar baya. A kai su ƙofar Kicina, a kai su filin da mahajjata suka yi zango da maƙabartarsu, a faɗa musu daga ina suka zo da abin da ya same su, har da bayin da aka fitar ta wannan gaɓa. Wannan aiki ba ya jiran Turkiyya ko UNESCO, namu ne. Waɗanda suka bi hanyar da ƙafarsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu suna nan a Maiwurno da Gadarif da Bur Sudan, wasu kuma yaƙi ya mayar da su Kano da Maiduguri da Damagaram. Kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya. Mai tsoho a gida ya zauna da shi ya tambaye shi sunayen zango, da sana'ar da aka yi a kowane gari, da waɗanda aka bari a hanya, ya rubuta ya ajiye. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da sassan tarihi da za su iya tattara wannan. Dutsen da ya faɗi ana iya ɗaga shi ko bayan shekara hamsin, amma tsohon da ya rasu da labarinsa ba mai sake tambayarsa.